Lorne Pasko da Ciyawar da Ba a Takawa

Shekara talatin da ɗaya muna maƙwabtaka da Lorne Pasko a layin Alder, kuma sau ɗaya tak na taɓa sa ƙafata a kan ciyawar gaban gidansa. Ba ni kaɗai aka hana ba. Mai kawo wasiƙa sai ya zagaya ta hanyar mota, ya bi siminti, kafin ya kai ƙofa. Marigayiya Bernice, matarsa, ta rayu ta mutu ba ta taɓa ajiye ko kujera a wurin ba. 'Yarsu Krista kuwa a gaban gidana ta girma tare da 'ya'yana, don nan ne ake barin yaro ya faɗi ya tashi. Bikin cikarta shekara bakwai a kan simintin ajiye mota aka yi shi, yara goma sha biyu a takure kamar kifin gwangwani, ga fili kore shar a gefensu an kewaye shi da igiya.

In za a yi masa adalci, kuma ba son yin hakan nake ba, ciyawar tana da kyau. Talata da Asabar yake aske ta, wannan makon a karkace ta nan, mako mai zuwa ta can, gefen kuma da almakashi. Yana da rula a aljihun baya. Masu wucewa da mota kan rage gudu su duba, shi kuma ya yi kamar yana gyaran tiyo bai gan su ba, alhali wuyansa har ƙara tsawo yake yi.

Bernice ce ta taɓa faɗa mini inda abin ya samo asali. Uban Lorne daga Yukren ya zo, ya kama gonar tumatir a kudu da mu, kuma tun Lorne yana ɗan shekara takwas yake rarrafe tsakanin kunyoyi yana tuge ciyawa da hannu, daga rufe makaranta har buɗewa. Ranar da ya sami aiki a matatar mai ya yi rantsuwa ba zai sake durƙusa wa wata ciyawa ba har abada. Ya cika alkawari. Sau uku a shekara motar kamfanin feshi take zuwa ta wanke masa fili da magani, ta kafa ɗan allon nan mai cewa an yi feshi, kada yara da dabbobi su hau. Kowa in kwana biyu sun cika sai ya cire nasa. Lorne sai ya bar shi mako guda cur, don a duniya ba abin da yake so kamar takardar hukuma mai korar mutane daga ciyawarsa.

Babban abokin gabarsa shi ne dandaliyon, ciyawar nan mai fure rawaya da ke fitowa a watan Mayu, ta bushe ta koma farar auduga, iska ta kwashe. Babbar gonar dandaliyon a layinmu kuwa tawa ce. Ba akida ba ce, ƙyuya ce da ciwon ƙugu. Amma a wurin Lorne da gangan nake noma ta in turo masa. In iska ta juyo daga wajena sai ya tsaya a bakin shinge ya harɗe hannu yana kallon sama, kamar mai jiran jiragen yaƙi.

Da aka fara maganar hana feshi don ado kawai, likitoci suna ta bayani a kan yara da ruwan kogi, Lorne ya sa kwat ɗinsa ta zuwa jana'iza ya tafi zauren majalisar gari. Minti biyar aka ba kowa, ya ci goma sha ɗaya. Ya ce shekara talatin da huɗu ya yi cikin sinadarai a matata, kuma ya fi likitar da ta yi magana kafinsa lafiya. Yana cikin faɗin haka tari ya sarƙe shi, sai da likitar ta miƙo masa ruwa. Ba a daɗe ba lardin Ontario gaba ɗaya ya kafa dokar, kantuna suka sauke magungunan daga kanta. A makon ƙarshe kafin a sauke su na ga Lorne ya yi sawu huɗu daga mota zuwa gareji yana jidar magani, yana haki.

Tare da dokar aka sako mana Bethany Orr. Yarinya ce 'yar kirki, ta gama jami'a ba da jimawa ba, an ɗauke ta ta wayar wa masu gidaje kai. Ta bi mu gida-gida da takardu masu launi, ta kuma tara mu a laburare ranar Laraba, da kofi da donat don mu zo. Darasin ba shi da wuya: a bar ciyawa ta kai inci uku, a bar abin da aka aske ya ruɓe a wurin, a ba ta ruwa sau ɗaya a mako amma ta ƙoshi, a ƙara watsa iri a kaka, wadda ba a so kuma a cire ta da wani ƙarfe mai dogon hannu da ake takawa. Bethany irin mutanen nan ce da suka yarda in an yi wa mutum bayani da murmushi to ya gyaru ke nan. Lorne ya zauna a layin gaba, ya ci donat uku, ya rubuta komai.

Shekara biyu aka yi, layin Alder ya zama rawaya kowane Mayu, mutane suka yi ƙorafi, suka gaji, suka saba. Gida ɗaya ne ya tsaya kore tsaf, ba ɗigon fure.

Yadda abin yake kuwa, da maganin da ya tara a gareji ya ƙare, sai Lorne ya kamu da son cuku na Amurka. Wata-wata yake haye gadar kan iyaka zuwa jihar Michigan ta Amurka, wai can ya fi araha, ya dawo da cuku da madara da jarka biyu na ruwan wanke gilashin mota. Mutumin da motarsa ke kwana a gareji, me zai yi da ruwan gilashi haka? Maganin feshi ne a cikin jarkokin, don can ba a hana sayar da shi ba. Ni ƙuguna ba ya barina in wuce ƙarfe biyar na asuba a kwance, sai in fito baranda da kofi. Sau da yawa na gan shi cikin duhu-duhun safiya, da famfon feshi goye a baya, yana tafiya saɗaf-saɗaf cikin silifas. Ko ban gan shi ba hancina ya san warin, shekaru nawa ina shaƙarsa.

Wannan duk da sauƙi. Abin da ya fi ba ni haushi wasan da yake yi da yamma ne. Ya sayi ƙarfen Bethany, mai jan hannu, mafi tsada. Da mutane sun fara dawowa daga aiki sai ya fito da bokiti, yana zagaya fili yana caka ƙarfen a inda ba komai. Bokitin kuma ba ya zama fanko, don in mutum ya tsaya ya yaba, sai ya karkato masa shi ya ga dandaliyon da saiwarsu, ya ce sirrin ba wani abu ba ne, ruwan khal ne da haƙuri. Na daɗe ina mamakin inda yake samo su, sai ranar da na lura gefen shingena, iya inda hannu zai kai daga wancan ɓangaren, ya yi fes. Ciyawata yake sata yana yin shaida da ita.

Ban tona masa asiri ba. Ba na kai ƙarar maƙwabci, haka aka tarbiyyantar da ni. Shi ba haka aka tarbiyyantar da shi ba. Bazarar da aka yi mini aikin ƙugu, ina kwance mako shida, sai ga ma'aikacin gari da rula a ƙofata, wai an buga waya an ce ciyawata ta wuce inci takwas, doka ta hana. Bai faɗi wanda ya buga ba. Ba sai ya faɗa ba, ga Lorne can yana gyaran tiyo.

Da na fara takawa da sanda, laburare na fara zuwa. A bakin ƙofa akwai akwati da takardun gasar da Bethany ta ƙirƙiro tare da ƙungiyar masu lambu: fili mafi kyau da ba a sa masa magani ba. Na ɗauki takarda na rubuta sunan Lorne Pasko da manyan baƙaƙe, a wurin dalili na rubuta ruwan khal da haƙuri. A lissafina, in Bethany ta zo masa da maganar, kunya za ta kama shi, ya yi 'yan kame-kame ya janye, ni kuma in sha kallo daga baranda. Shekara talatin ina zaune kusa da mutum, ashe ban san shi ba. Ya karɓe ta hannu bibbiyu, ya zagaya da ita fili, ya nuna mata bokiti. Ta durƙusa ta shafa ciyawar, ta ce ita dama ta san zai yiwu, kullum tana faɗa wa mutane zai yiwu. Alƙalai uku suka zo, duk ba wanda ya tambayi kansa yadda aka yi iska take tsallake gida ɗaya. Lorne ya ci gasa, jaridar gari ta buga.

Kwana biyu bayan haka wayata ta yi ƙara, Krista ce daga garin Hamilton inda take zaune. Tun rasuwar uwarta ba ta cika zuwa ba, da ta haihu kuma ta faɗa wa uban ƙiri-ƙiri cewa ba za ta kawo jaririyar gidan da ake feshi ba. Ya rantse mata ya daina, ba ta yarda ba. Yanzu ga jarida.

"Anti Arlene, ke ce kike ganinsa kullum," in ji ta. "Da gaske Baba ya daina?"

Na san amsar sarai. Amma in na faɗa, wasan ya ƙare tun ban ga ƙarshensa ba, kuma ina son in ga ƙarshensa. Na ce mata, to, ai ga shi jarida ta rubuta. Ta yi wata 'yar dariya mai haɗe da kuka, ta ce za su zo ranar da za a ba shi allon cin gasar, ita da Nola. Na ajiye wayar, na ce wa kaina ai saboda ranar biki dai ko Lorne zai haƙura da feshin.

Asabar ɗin, ƙarfe biyar da kwata na asuba, warin ya iske ni a baranda, ya fi na kullum ƙarfi. Daga baya na ji cewa ya ga wasu 'yan ganyaye sun leƙo kusa da famfo, ga mai hoto zai zo, sai ya ninka awon magani ya feshe fili duka. Wasiƙar gayyata da Bethany ta aiko masa shafi biyu ce, shi kuwa na farko kawai ya karanta, inda sunansa yake.

Ƙarfe goma mutane suka taru, kusan arba'in, duk a kan siminti da gefen titi, don 'yan layinmu sun san ƙa'ida. An kawo lemo da kek. Krista ta iso da Nola a kafaɗa, 'yar wata tara, kumatu kamar an hura, ta fara haƙori, komai ta samu sai baki. Lorne cikin kwat ɗin jana'iza ya karɓi allon, kore ne da farin rubutu, wai wannan fili ba a sa masa magani, ya kafa shi da kansa, ya auna da rula ya ga ya miƙe. Aka tafa.

Sai Bethany ta ɗaga hannu ta ce saura abin da ke shafi na biyu, abin da ta fi so a duk bikin. Al'adar gasar ce kowa ya cire takalmi ya hau filin da ya yi nasara, don a nuna ciyawar da ba guba tana iya ɗaukar ƙafar kowa.

Ban taɓa ganin fuska ta sauya launi kamar ta Lorne ba. Mutanen da suka yi shekaru ana kora suka tuɓe takalma da ɗoki, mai kawo wasiƙa ne ya fara hawa, yana taku ɗai-ɗai yana murmushin mugunta. Ni ma na hau, amma da takalmina, na ce ƙuguna ba zai bar ni in sunkuya ba. Ciyawar da sauran laima a ƙasanta. Lorne ya tsaya ƙiƙam, gumi yana bin wuyan rigarsa, kowa ya ɗauka takaicin tattakawa ne, har ana tsokanarsa ana cewa ya yi haƙuri, za ta tashi.

Mai hoto ya ce yana son jaririya a kan ciyawa kusa da allo, wannan ne zai hau shafin farko. Krista ta cire takalmi ta taka a hankali, ta zauna, ta dubi uban ta ce shekararta talatin da shida, yau ta fara jin yadda wurin nan yake a ƙafa. Idonta ya cika. Ta zaunar da Nola a gabanta. Nola ta dubi kore ta ko'ina, ta damƙi cike da hannu, ta tuge, ta kai baki.

Na buɗe baki, amma Lorne ya riga ni.

"Ɗauke ta daga kan ciyawata!"

Muryar da duk yaron da ya tashi a layin Alder ya sani ce, har wani magidanci mai gemu ya yi tsalle ya koma siminti ba shiri. Lorne, da gwiwoyinsa da suka lalace, ya tsallaka filin da gudu, ya fizge jaririyar, ya zura yatsa a bakinta yana kwaso ganye, ya ruga da ita wurin famfo ya sakar mata ruwan sanyi a hannu da baki. Nola ta tsala ihu. Ya wanke ya sake wankewa, yana duba cikin bakinta kamar mai neman allura.

Bethany ta matso, ta tambaye shi a hankali, Mista Pasko, lafiya, me ya faru. Magana ɗaya ta rage masa, ya ce ya yi feshi, kuma kowa ya ga abin da ya yi, da ya faɗe ta da an yi masa dariya wata ɗaya an manta, 'yarsa kuma ta san ubanta ya zubar da sunansa don 'yarta. Na gan shi ya dubi Krista. Sannan ya dubi mai hoto, ya dubi allon.

"Tuge mini ciyawa take yi," in ji shi. "Sai da na yi shekara talatin ina gyara wurin nan."

Krista ta tashi ta karɓi 'yarta ba tare da ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Na gode, Baba. Na tuna gida yanzu." Ta ɗauki takalmanta a hannu ta nufi mota.

Na bi ta da sandata, na iske ta tana ɗaure Nola a kujera. Na ce ta buga wa layin masu ba da shawara kan guba, yanzu, kafin ta tayar da mota, ta ce musu maganin kashe ciyawa ne, awa biyar da fesawa. Ta tsaya da bel a hannu tana kallona. Krista ba ta da saurin fushi, amma tana da saurin ganewa.

"Kin sani ke nan, Anti."

Na ce na sani.

"Na buga miki waya. Na tambaye ki."

Ta buga wayar a gabana, aka ce mata ta ba yarinyar ruwa ta sa mata ido, tunda an wanke da wuri da wuya a ga wani abu. Ba a ga komai ba kuwa, Nola lafiyarta ƙalau. Krista ta ja mota ta tafi, ba ta kai ƙarar kowa ba, ba ta faɗa wa Bethany ba. Jarida ta buga hoton mai kawo wasiƙa da ƙafafunsa tsirara. Allon yana nan inda aka kafa shi.

Bikin Godiya, ranar da iyali ke taruwa cin abinci, ya zo a watan Oktoba, Lorne ya sayi talotalo na mutum shida, ya yi mako biyu yana cinsa shi kaɗai. Kirsimeti ya aika da kyauta, aka aiko masa da kati mai sa hannu kawai. Ya daina son cuku na Amurka. Ranar da gari ke karɓar shara mai haɗari na ga ya loda jarkoki tara a mota, da famfon feshin, ya rufe su da tsohon bargo don kada a gani, kamar dai yadda ya shigo da su.

Da ƙanƙara ta narke, Mayu ya zo, filin da ya saba da magani ya fi na kowa lalacewa. Dandaliyon ta fito masa kamar mai ramuwar gayya. Ƙarfen mai jan hannu ya karye a mako na biyu, don an ƙera shi ne don aiki, shi kuma bai taɓa koyon riƙe shi da gaske ba. Sai ga Lorne Pasko, ɗan shekara saba'in da uku, a durƙushe kan tsohon matashin kujera da wuƙar kicin, yana rarrafe daga wannan fure zuwa wancan kamar a gonar tumatir ɗin ubansa. Na yi shekaru ina burin ganin wannan rana. Da ta zo, kofin ma ban iya ƙarasawa ba.

Wata safiya ya dafa shinge ya miƙe da ƙyar, ya kira ni. Bai taɓa kirana don wani abu da ba ƙorafi ba. Ya ce ya ɗauki hoton filin da furannin ya aika wa Krista har sau uku, ba amsa, wataƙila tana zaton filin wani ne. Ya daɗe yana murza ƙasar da ke hannunsa.

"Ke kina tashi da asuba, Arlene. Kin ga ba na yi. Ki buga mata ki faɗa mata. Ke za ta yarda da ke."

Na ce masa wata goma sha ɗaya ke nan ina bugawa, ba ta ɗauka.

Ya tsaya yana kallona, sannan ya juya ya kalli filinsa, rawaya ta ko'ina, da allon a tsakiya wanda sai yanzu ya zama gaskiya. Can ya ce, cikin muryar da ba ta da sauran ƙarfi, ciyawata ta kusa inci takwas, ya kamata in aske.

Na shiga gareji na jawo injin na aske ta.